Za ku gina wurin tunawa da 'yan sandan da aka kashe a bakin aiki? Ku duba wannan kafin ku fitar da ko sisi

Jama'a wannan maganar ta 'yan kwamiti ce, ko na PCRC ne, wato kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, ko matan 'yan sanda na POWA ko ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ko ma gwamnatin jiha ce ta ware kuɗi, duk dai wanda aka ɗora wa nauyin samar da wurin da za a riƙa tunawa da 'yan sandan da suka rasa ransu suna kan aiki. Tun da shugaba Tinubu ya ayyana 7 ga Afrilu a matsayin ranar 'yan sanda ta ƙasa, aka kuma fara bikin a 2025, na san maganar irin wannan gini za ta yi ta tasowa a jihohi, abin da nake tsoro kawai shi ne a yi gaggawa a ba ɗan kwangila ya kafa wani abu mai ƙyalli don ranar ƙaddamarwa, damina biyu ya zama abin kunya, iyalan mamatan su riƙa wucewa suna kau da kai.

Kuma mutanen nan sun cancanci a yi musu abu mai kyau. Duk wanda yake Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 bai manta ba, an kai hari hedikwatar shiyya ta ɗaya da ke titin BUK, an kai hedikwatar 'yan sandan jihar da ke Bompai, an kai wasu ofisoshin, cikin mutum sama da 180 da suka rasu hukuma ta ce 29 'yan sanda ne. Ga bom ɗin hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa a Abuja na watan Yunin 2011, ga gomman jami'an da aka yi wa kwanton ɓauna a Alakyo ta jihar Nasarawa a watan Mayun 2013, ga na kwalejin horar da 'yan sandan kwantar da tarzoma ta Gwoza a 2014, banda waɗanda 'yan bindiga ke kashewa ɗaya biyu a hanyoyin Zamfara da Katsina da Birnin Gwari waɗanda ko a rediyo ba a faɗin sunansu, sai dai ka ji an ce "jami'ai uku sun rasa rayukansu" shikenan an wuce. Na san akwai masu ƙorafi da aikin ɗan sanda a ƙasar nan kuma wasu ƙorafin gaskiya ne, amma kofur ɗin da aka harbe a shingen bincike ya bar mata da yara ƙanana, yaran nan suna da haƙƙin su ga sunan ubansu a rubuce a wurin da ake girmamawa.

To shi ya sa ni a wurina sunaye su ne ginin, sauran duk ado ne. Kafin ku kira mai zane ku fara zama ku fitar da jerin sunayen, kuma ku yi shiri don nan ne aikin zai fi cin lokaci. Ku nemi bayanan rundunar, sannan kowane suna a kai wa iyalinsa su duba su sa hannu, saboda takardun ofis cike suke da kuskure, wani an rubuta Mohammed a takardar ɗaukar aiki, a gida Muhammadu ne, a katin banki Muhammad, wani sunan garinsu ne ya zama sunan mahaifinsa. In aka sassaƙa a dutse ba a gogewa da ɗanyen tsumma fa, sai dai a cire falle guda a sake. Sannan ku yanke hukunci a rubuce tun farko kan wa zai shiga: wanda aka kashe a artabu kawai, ko har da wanda ya yi hatsari a motar sintiri, ko wanda ya ji rauni ya yi wata shida yana jinya sannan Allah ya yi masa rasuwa? Daga wace shekara za a fara? 'Yan sandan sa kai fa? Ni ina ganin a faɗaɗa ya fi a ƙuntata, amma ko me kuka zaɓa ku rubuta shi ku sanar, in ba haka ba ranar buɗewa wata uwa za ta zo ta duba sama ta duba ƙasa ba ta ga sunan ɗanta ba, kuma ba ku da amsar da za ku ba ta.

Yanzu siffar ginin. Abin da 'yan kwangila suka fi kawowa a hoto shi ne mutum-mutumi, ɗan sanda a tsaye da bindiga ko yana sara wa tuta. A nan Arewa kam shawarata ku bar shi. Matsayin malamanmu kan sassaƙa siffar mai rai sananne ne, kuma in yawancin iyalan da aka yi abin dominsu ba za su ji daɗin tsayawa gabansa su yi addu'a ba to me aka yi kenan? Ga tsada, ga shi samun wanda zai fitar da fuska da jiki daidai ba ƙaramin aiki ba ne, yawanci da siminti da waya ake yi a shafa fenti ruwan tagulla, rana ta dake shi ya fara ɓarewa, hannu ya tsage. Ko a Washington ta Amurka inda babu wannan damuwar ta addini, wurin tunawa da 'yan sandansu da aka buɗe a 1991 ba siffar ɗan sanda ce jigonsa ba, bango biyu ne dogaye masu lanƙwasa, kowanne ƙafa 304, marasa tsayi, ɗauke da sunaye sama da 20,000, ga bishiyoyi a jere, sai zakuna na tagulla da 'ya'yansu a mashigai. Mutane na zuwa su ɗora takarda kan sunan ɗan uwansu su goga fensir su tafi da shi gida.

Na biyu shi ne dogon ginshiƙi ko hasumiya, irin wanda ake hangowa daga nesa. Indiya ta yi haka a Chanakyapuri cikin birnin Delhi a 2018, dutsen giranit baƙi guda ɗaya mai tsayin ƙafa 30 da nauyin tan 238, amma ku lura ba su tsaya nan ba, sun haɗa da bangon sunaye sama da 34,000 da gidan tarihi. Ingila ma a 2021 ta buɗe nata a Staffordshire, wani falle na tagulla mai tsayin mita 12 kamar ƙofa a ɗan buɗe, shi kuma ba a jera sunaye a jikinsa ba, sunayen suna intanet. Amfanin ginshiƙi shi ne kwarjini da kuma samun inda za a ajiye furanni a yi fareti, kamar yadda sojoji ke yi duk 15 ga Janairu. Matsalarsa kuwa kuɗin duk a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya, fandisho da rodi da kankare, dole sai injiniya mai rajista ya yi lissafin iska, don iskar farkon damina a nan ba wasa ba ce, tana kwashe rufin makarantu da allunan talla. In kuɗinku bai kai ba ku yi gajere, mita uku zuwa huɗu ya wadatar, ya zama alama ce kawai a tsakiyar fili.

Na uku, wanda ni shi na zaɓa, bangon sunaye. Ba kabari ba ne, ba siffar kowa, Musulmi zai tsaya ya yi addu'arsa Kirista ya yi tasa ba wanda ya takura, kuma ana iya farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa. Sai dai a nan ne ake yin kurakuran da ba sa gyaruwa. Tsayi dai kada layin sama ya wuce inda hannun babban mutum zai kai, na ƙasa kuma kada ya sauka ƙasa da gwiwa, don tsohuwa ba za ta iya durƙusawa ta karanta ba kuma ruwan sama na fantsamo laka wurin. Haruffa su kai santimita biyu ko kusa da haka, rubutu mai sauƙi ba mai ƙawa da lanƙwashe-lanƙwashe ba. Dan Allah ku bar fili, mai yawa ma. Abu ne mai ɗaci a faɗa amma za a ci gaba da rasa jami'ai, bangon da ya cika ranar buɗewa ya riga ya gaza. Saboda haka kar ku jera sunaye bisa haruffan abacada, don in sabon suna ya zo ba inda za a cusa shi, ku jera bisa shekara, waɗanda suka rasu rana ɗaya su zauna tare kamar yadda suka fita aiki tare. A Washington ma ba bin haruffa suka yi ba, kundin neman suna suka tanada, duk shekara a watan Mayu su ƙara sababbi. Maganar muƙami kuma, a rubuta muƙamin kowa ba laifi, da lambar aiki in iyali sun yarda, amma girman rubutun ya zama ɗaya, kada na kwamishina ya fi na kurtu ko da ɗigo, kada kuma a ware wa manya falle na daban.

Akwai wata hanya mai sauƙin kuɗi da aka yi a Landan a 2005, littafin sunaye ne a bayan gilashi ana buɗe shafi lokaci zuwa lokaci. Yana da kyau amma a zafinmu da ƙurarmu da gara sai dai a cikin ɗaki, kuma sai an samu wanda zai kula da shi tsakani da Allah. Ku yi shi a matsayin ƙari, kofi ɗaya a hedikwata da hoton kowa da ɗan tarihinsa, kada ya zama shi kaɗai.

Na huɗu shi ne wanda mutanenmu za su fi kawowa a taro, wani dattijo zai miƙe ya ce maimakon a zuba kuɗi a dutse me zai hana a haƙa rijiyar burtsatse ko a gina aji ko ɗakin shan magani ladan ya riƙa isa gare su. Wallahi maganarsa tana kan hanya kuma kar ku yi masa gardama. Abin da zan ce kawai shi ne ba dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Bohol mai sola a gefen filin, famfo a waje inda jama'ar unguwa za su ɗiba, shi zai shayar da bishiyoyin wurin, kuma mutanen da ke shan ruwan su ne za su zama masu gadin bangon ba tare da an biya su ba. Amma bohol kaɗai da ɗan allo a jikin tanki, in famfon ya lalace an manta da kowa kenan, mun ga irinsu da yawa a ƙauyuka da sunan wane da wane a jiki, tanki ya bushe.

Sai kayan aiki, nan ne ake cutar kwamiti. Giranit shi ne sarki a waje, yana da tauri, rana da ruwa ba sa cinsa da wuri, kuma muna da shi a ƙasar nan, duk wanda ya bi ta Mpape a Abuja ya ga yadda ake fasa shi, baƙi wuluk ɗin nan mai sheƙi dai yawanci daga waje ake kawowa kuma ya fi tsada. Baƙin ya fi fito da rubutu, sai dai da rana tsaka a watan Afrilu ba ka iya ɗora masa hannu, kuma ƙurar hunturu tana nunawa a jikinsa sosai, mai ruwan toka ya fi haƙuri amma sai an zurfafa rubutun ko a cika shi da baƙin fenti. Ku nemi kauri santimita uku, kar ku yarda da ɗan siririn da ake shimfiɗawa a kan kantar kicin, kuma a riƙe kowane falle da ƙugiyar ƙarfe marar tsatsa ba siminti kaɗai ba, don zafin rana da sanyin dare suna sa ya saki ya faɗo. Mabul yana da kyau a ido, akwai shi a Jakura ta Kogi da Igbeti ta Oyo, amma ya fi giranit laushi nesa ba kusa ba, yana shan datti, farin ya koma ruwan ƙasa, gefen haruffa ya riƙa cinyewa a hankali, shi na cikin ɗaki ne. Tayil kuma da ake bugawa rubutu a kai, ko roba mai ƙyalli, ko leda irin ta allon talla, waɗannan ko kyauta aka ba ku kar ku karɓa.

Tagulla fa? Ita ce Turawa suka fi so, tana daɗewa, kuma muna da maƙera masu hannu a Bida da Benin. Amma ku tambayi kanku gaskiya, a garin da ake cire murfin kwalbati da wayar fitilar titi a kai wa 'yan gwangwan, allon tagulla zai kwana nawa? In cikin hedikwata ne inda akwai mai gadi dare da rana to babu damuwa, in waje ne ku haƙura. Ƙarfe marar tsatsa ya fi ta sauƙi amma shi ma yana da daraja a wurin 'yan jari bola, kuma iri-iri ne, ku ce 304 ko 316 kuke so a rubuta a takardar kwangila, don akwai 201 mai araha da yake kama da su sak a ido sai an yi damina ɗaya ya fara fitar da ɗigon tsatsa.

Shi kansa rubutun a dutse hanya biyu ake yi yanzu. Akwai feshin yashi da inji wanda ke huda dutsen ya yi zurfi har ka ji shi da yatsa, akwai kuma na leza wanda ke fitar da rubutu mai kyau har da hoto amma sama-sama yake, kuma a baƙin dutse mai sheƙi kawai yake fitowa sosai. Don sunaye ku zaɓi mai zurfi. Ku ce mai aikin ya yi muku samfur na suna biyu uku a guntun dutsen da za a yi amfani da shi, ku ajiye a rana, ku watsa masa ruwa ku gani ko ana iya karantawa yana jiƙe, don wani rubutun ɓacewa yake in dutse ya jiƙe. Kuma ku tambaye shi tun yanzu, in an kafa bangon zai iya zuwa da injinsa ya ƙara suna a wurin, ko sai an ɓamɓare fallen an kai masa shago?

Abu ɗaya da zan roƙa, kar a sassaƙa ayar Alƙur'ani ko ta Littafi Mai Tsarki a bangon da ke waje. Niyyar mai kyau ce amma ba ku da iko da wanda zai zo ya manna fastar siyasa a kai ko ya tsuguna a bayansa. Gajeren rubutu da Hausa da Turanci ya isa, in an ƙara ajami ma ya yi, don tsofaffi da yawa shi suka fi karantawa.

Wurin da za a kafa kuwa, zaɓi uku ne kusan kullum. Cikin hedikwata ko bariki akwai tsaro da shara, amma matar marigayi da ta riga ta bar gidan bariki ta koma ƙauye sai ta sha tambayoyi a bakin get kafin ta shiga, wata ma ba za ta iya sake taka wurin ba saboda abin da yake tuna mata, talakan gari kuma ba zai taɓa gani ba. Shataletale kowa na gani amma ba mai tsayawa, wa zai tsallaka titi da marayu cikin Adaidaita Sahu da tirela don ya karanta suna? Ga hayaƙi, ga mota na iya kwasarsa, ga shi gwamnati na iya buƙatar wurin gobe don gadar sama. Kun dai ga yadda aka rushe ginin shataletalen gidan gwamnatin Kano a watan Yunin 2023, wanda aka yi don cikar jihar shekara 50, gwamnati ta ce yana tare wa direbobi da jami'an tsaro gani. Ni abin da na fi so shi ne fili a jikin katangar hedikwata ko kwalejin 'yan sanda amma ƙofarsa ta kalli titi, mai gadi na hango shi, jama'a na shiga ba sai sun nemi izini ba. Ku tabbatar da takardar filin da amincewar hukumar tsara birni, KNUPDA ce ko KASUPDA ko wacce take jiharku, a rubuce, da sunan hukuma ba sunan wani mutum ba.

Kar ku manta inuwa da wurin zama. Benci na kankare, hanya mai gangara don keken guragu, don cikin masu zuwa akwai abokan aikinsu da suka tsira da rauni. Darbejiya tana saurin girma kuma tana jure fari, maɗaci ya fi daɗewa da kwarjini, amma ko wanne ku nisanta shi da bangon 'yan mitoci saboda saiwa. Ciyawar Turawa da maɓuɓɓugar ruwa mai feshi kam ku cire su daga zanen tun yanzu, wata uku za su yi. Fitila ta sola a saman dogon ƙarfe, batirin a sama ba a akwati a ƙasa ba.

Wajen ba da aiki ku karɓi farashi daga mutum uku aƙalla, kan zane ɗaya da takardar ƙididdigar kaya ɗaya, in ba haka ba kowa zai kawo muku abu daban ku kasa gwadawa. Farashin dutse da siminti na motsi kusan kowane wata, saboda haka kowa ya rubuta har yaushe farashinsa zai tsaya. Ku je da ƙafarku ku ga aikin da ya yi shekara biyar baya, ba hoton sabon aiki a waya ba. Ku raba aikin gini da aikin sassaƙa in ya yiwu, don mai iya zuba kankare ba lallai ya iya rubutu ba. Biya kashi-kashi, a riƙe kashi 5 cikin 100 kamar yadda aka saba har sai damina ta wuce a kansa. Sunan gwamna ko na mai ba da gudummawa kuma a ƙaramin allo a bakin ƙofa, ba a kan bangon mamata ba.

Daga cikin kuɗin ku ware wani abu tun farko a asusu na daban don shara da wanke dutse da ƙara sunaye duk shekara, a kuma rubuta wane ofishi ne ke da alhakin haka, don kwamishinoni ana canza su, kwamiti ma watsewa yake. Sannan tunda za ku bi gida gida neman tabbatar da sunaye, ku tafi da takarda ta biyu ku tambayi kowace mata ko an biya ta haƙƙin mijinta. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai ta ma'aikata da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma akwai iyalan da ke shafe shekaru suna zirga-zirga da fayil. Duk wadda kuka samu ba a biya ba ku haɗa sunayen ku miƙa wa kwamishina hannu da hannu, ku kuma sa ranar da za ku koma ku ji inda aka kwana kafin a sa ranar ƙaddamarwa.